Makaranta A Cikin Waya, Masaƙa A Kulle

Ya ku 'yan'uwa talakawa, maza da mata, musamman ku da ke kasa kaya a kasuwannin Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha, yau akwai maganar da muke so mu yi da ku, domin ta shigo gidajenmu ta cikin wayoyin 'ya'yanmu, har ta fara taɓa jarinmu. Maganar kuwa ita ce ta wannan sabuwar makaranta da ba ta da aji, ba ta da allo, wadda ake yi ta intanet, wai ana koya wa samari da 'yan mata ilmin haɗin gwiwar ƙasashen duniya da ci gaba mai ɗorewa.

Kwanan baya wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ta tare ni a bakin rumfarta. Ta ce ɗanta ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida yana zaune, kullum waya a hannu. Ran nan sai ya zo mata da murna, ya ce ya sami hanya. Wai akwai wani kwas da ake yi ta waya, in mutum ya biya ya gama sai a aiko masa da satifiket mai tambarin duniya da zobe mai launi 17, da shi kuwa ake samun aiki a ƙungiyoyin Turawa, inda ake biyan albashi da dala. Abin da yake nema kawai shi ne ta ba shi kwasan adashinta na wannan wata. Sai ta dube ni ta ce, "Malam, ku da kuke karanta jarida, shi wannan ci gaba mai ɗorewa a wace kasuwa ake sarinsa?" Na yi dariya, amma da na koma gida sai na ga ba abin dariya ba ne. Na yi mata alkawarin amsa a wannan fili, domin na tabbata ba ita kaɗai aka tara da irin wannan roƙo ba.

Bari mu fara da gaskiyar abin, kada a ce mun yi wa kowa ƙage. A watan Satumba na 2015 shugabannin ƙasashe suka taru a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, da namu a cikinsu, suka amince da muradu 17 waɗanda suka ce za a cim musu kafin ƙarshen 2030. Na farko kawar da talauci, na biyu kawar da yunwa, na huɗu ilmi mai nagarta, na shida ruwan sha, na bakwai wutar lantarki mai araha, na takwas aiki mai mutunci, na tara masana'antu, na goma sha bakwai kuwa shi ne ƙasashe su kama wa juna don a cika sauran. Abin da ake nufi da mai ɗorewa shi ne mu biya bukatarmu ta yau ba tare da mun cinye rabon jikokinmu ba, watau kada mu sare daji, mu ɓata kogi, mu ci bashi, mu bar musu kufai. Wane mai hankali ne zai ƙi wannan? Babu. Kuma akwai darussa na gaske a intanet a kan waɗannan muradu, irin na SDG Academy da na wasu sassan Majalisar kanta, waɗanda shaihunan malamai suka tsara, da yawansu ma kallonsu kyauta ne.

To, in haka ne, mene ne abin faɗa? Abin faɗa shi ne wurin da aka kawo wannan kaya, da mutanen da aka kawo wa, da abin da aka ɗauke musu kafin a miƙo musu shi.

Mu mutanen kudancin kogin Kaduna ba baƙin haɗin gwiwar ƙasashe ba ne da za a zo a koya mana shi a waya. Mun gan shi da ido, mun ji ƙararsa, mun ci tuwonsa. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, haɗin gwiwa ce tsakanin gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila, ana saƙa akoko da audugar da manoman Funtuwa da Gusau da Zariya suka noma. Bayanta aka kafa Nortex. A tsakiyar shekarun 1960 mutanen Japan suka zo aka kafa Arewa Textiles, mutanen Hong Kong kuma suka kafa UNTL, wadda ta zama uwa ma ba da mama a harkar atamfa. A 1964 aka kafa masana'antar kayan soja a nan Kakuri da taimakon Jamusawa. A 1975 Faransawa suka fara harhaɗa motar Peugeot, wadda muke kira Fijo, a nan unguwarmu. A 1980 aka buɗe matatar mai wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina can bayan Sabon Tasha, mai iya tace ganga 100,000 a kowace rana a lokacin. Ingila, Japan, Hong Kong, Jamus, Faransa, duk a tsallaken gada ɗaya. Wace jami'a ce a intanet za ta tara mana ƙasashe haka?

Ku tambayi dattawan Makera da Nasarawa yadda ake koyarwa a wancan zamani. Yaro ya zo daga ƙauye, ko daga Kafanchan, ko daga Binuwai, ko daga Katsina, bai san komai ba sai fartanya. A tsayar da shi gaban inji kusa da wanda ya iya, heluma na kewayawa, cikin 'yan watanni ya san yadda ake ɗaura zare, ya san kukan inji mai lafiya da na marar lafiya. Yana koyo ana biyansa. Wasu aka tura su ƙasashen waje suka ƙaro sani suka dawo suka riƙe sashe. Har ƙungiyar ma'aikata ma makaranta ce. Adams Oshiomhole, ko kana sonsa ko ba ka sonsa, daga Arewa Textiles ya taso, ya je kwalejin Ruskin a Oxford ya karanta harkar ƙwadago, ya dawo ya riƙe ƙungiyar ma'aikatan masaƙu wadda hedkwatarta ke nan Kaduna, har ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999. Wannan shi ne horo mai ƙofar fita. Ana shiga da jahilci, a fita da sana'a, sana'ar kuma ga wurin yinta nan a buɗe.

Ku kuma 'yan kasuwa kun fi kowa sanin sauran labarin. In jiniyar masaƙa ta yi kuka, ma'aikata suka ɓarko kamar ruwa, mai ƙosai ta sayar, mai shayi ya sayar, mai facin keke ya samu, mai gidan haya ya karɓa. Ƙarshen wata kuwa kasuwar Kakuri sai ta cika ta batse, wanda ya ci bashi ya zo ya biya ya ɗauki sabo. Ba a tambayar mai saye addininsa ko yarensa, tun da dukansu inji ɗaya suke yi wa bauta, albashi ɗaya suke jira.

Kada wani ya ce muna wanke masu masaƙu. Ba mala'iku ba ne. Albashin leburan bai taka kara ya karya ba, shi ya sa aka sha yajin aiki. Riba mai yawa ta haye teku. Ruwan rini kuma ta magudanar Makera aka riƙa sako shi, baƙi wani lokaci ja, ya gangara kogin da mutane ke kamun kifi suna ban ruwan lambu da shi. Da a ce masu maganar ci gaba mai ɗorewa sun zo a lokacin sun tilasta a tace wannan ruwa, a kuma ƙara wa lebura haƙƙinsa, da mun yi musu godiya. Amma maganin ciwon kai ba sare kai ba ne.

Sare kan kuwa aka yi. A 1986 gwamnatin soja ta rungumi shirin tsuke bakin aljihu da masu ba da bashi na duniya suka tsara, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da sinadarin rini suka yi tsada, aka rushe hukumar cinikin auduga aka bar manomi da Allahnsa. A 1995 Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, a 1997 aka buɗe ƙofa ga yadin waje. Wuta ta zama sai an ga dama, kowace masaƙa ta koma ƙona baƙin mai da kuɗinta don ta kunna injinta. 'Yan fasa-ƙwauri suka cika ƙasa da atamfar Sin ta kan iyakokin Binin da Nijar, har da zanen da aka sato daga masaƙunmu aka buga a can aka dawo mana da shi da araha. Kaduna Textiles ta rufe a 2002. Arewa Textiles ta bi bayanta. UNTL ta sallami ma'aikata ta rufe a 2007, aka sake buɗe ta da biki a 2010 bayan gwamnatin tarayya ta yi shelar asusun naira biliyan 100 na farfaɗo da auduga da masaƙu, amma Kakuri ba ta sake komawa yadda take ba. Ma'aikatan Kaduna Textiles, masaƙar da jihohin Arewa 19 ke da ita, suka shafe shekara da shekaru suna bin kuɗin sallamarsu, daga wannan ofis zuwa wancan, da yawa suka mutu ba su karɓa ba, suka bar zawarawa da marayu da takardun shaidar aiki a cikin akwati.

Ku lura da wannan, jama'a: su ma suna da satifiket. Takarda ba ta taɓa ƙaranci a Kakuri ba.

To, 'ya'yan waɗannan mutane da jikokinsu su ne yau ake ce wa su zauna a gefen bangon masaƙar da ciyawa ta cinye, su buɗe waya, wani farfesa daga Amurka ya yi musu bayani da Turanci a kan muradi na tara, watau muhimmancin masana'antu. Kaito! Ashe bayan an ƙwace maka saniya sai a tara ka a koya maka amfanin nono? Ita kuwa uwar yaron da na ba ku labari, atamfar da ke jibge a rumfarta kusan duka daga ƙetare take, ga masaƙa a bayan gidanta. Da ribar sayar da atamfar baƙi za ta biya wa ɗanta kuɗin koyon dalilin da ya sa ya kamata mu saƙa tamu.

Sa'an nan mu duba ita kanta makarantar, me take bukata? Tana bukatar wuta, da data, da Turanci. Wuta dai kun san halin da ake ciki. A 2009 aka ba da kwangilar tashar lantarki mai megawat 215 a Kudenda, a nan cikinmu, musamman don a tayar da masana'antun da suka durƙushe, aka haura shekara goma ba ta ba da wutar da aka yi alkawari ba. A watan Oktoba na 2024 aka lalata layin wuta da ya taso daga Shiroro, yawancin Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda, masu ƙanƙara da masu niƙa da masu walda suka tafka hasara. In ka ce janareta, tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai kowa ya san kuɗin lita, alhali ga matatar mai a bayan gari ta yi shekaru ba ta tace komai, ana ta sa hannu a kan kwangilar gyaranta, har da ta 2023 da kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu, ta fiye da dala miliyan 700. Data kuma, a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta yarje wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100. Darasin bidiyo kuwa shan data yake yi kamar raƙumi ya iso rijiya. Kuma ba mu manta ba, a ƙarshen 2021 gwamnati da kanta ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan wajen wata biyu saboda 'yan bindiga. Watau makarantar da aka ce tana buɗe ga kowa, ɗan talaka sai ya biya mai cajin waya, ya biya kamfanin data, kafin ya ji sallamar malami. Kyauta ce a New York, amma kafin ta iso Kurmin Gwari ta zama ta kuɗi.

Turanci kuma fa? Harsunan aikin Majalisar Ɗinkin Duniya shida ne, ba Hausa a ciki, ba Gbagyi, ba Tyap. Mai sayar da tumatir wadda ambaliyar kogi ta cinye mata lambu, kamar yadda aka gani a 2003 da 2012, ta fi ɗalibin birni sanin abin da sauyin yanayi ke yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ita ba a shirya darasin dominta ba. An shirya shi domin wanda zai zo da rigar ƙungiya da takardar tambayoyi ya ƙidaya ta, ya ɗauki hotonta, ya rubuta rahoto, a karanta a otal a raba alawus. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga kuma babbar maganar da masu tallan satifiket ba za su gaya wa 'ya'yanku ba. Kasuwar da suke cewa za a kai wannan takarda a sayar, ita kanta tana watsewa. Tun 1970 ƙasashe masu arziki suka yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya za su riƙa ba da kwabo 70 cikin kowace naira 100 ta abin da suke samu don taimakon ƙasashe matalauta. 'Yan kaɗan ne suka taɓa cikawa. Ingila ta cika na 'yan shekaru, a 2021 ta rage zuwa kwabo 50, a watan Fabrairu na 2025 kuma ta ce za ta sake ragewa zuwa kwabo 30 don ta ƙara kuɗin soja. Amurka kuwa, wadda a lokacin ta fi kowa bayarwa, a 2025 ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, ɗungurungum. Mutanen da suka yi shekaru suna wannan aiki, masu digiri biyu da uku, an sallame su, suna neman abin yi. A wannan lokaci ne za a ce wa ɗan mai atamfa ya kawo adashin uwarsa ya sayi tikitin jirgin da fasinjojinsa ke sauka? Wannan cinikin biri a sama ne.

Ko ita Majalisar ba ta ɓoye ba. A rahotonta na 2024 ta ce kashi 17 cikin 100 kaɗai na abubuwan da aka sa gaba ne ke tafiya yadda za a cim musu a kan lokaci. A gida kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da yawa, watau kusan biyu cikin kowane mutum uku. Ba kuma yau aka fara ba. A 2000 aka yi Muradun Ƙarni guda takwas, wa'adinsu 2015. A 2005 ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe wa Nijeriya dala biliyan 18, mu kuma muka biya wajen biliyan 12 a dunƙule, aka ce kuɗin da za a riƙa ragewa, kimanin dala biliyan ɗaya a shekara, za a zuba su a kan muradun. An yi wasu azuzuwa da rijiyoyin burtsatse da ɗakunan shan magani, ba mu musu ba, kun sha ganin allunansu. Amma a daidai waɗannan shekaru ne injinan Kakuri suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, ba kuwa wanda ya ce wannan ma muradi ne.

A jiharmu ma an iya wannan yare sosai. A 2017 gwamnatin Kaduna ta buga rahoto a kan muradun nan aka kai shi New York, aka sha tafi. A watan Maris na 2020 kuwa aka sa katafila ta rushe Kasuwar Barci a tsallaken kogi, 'yan'uwanku 'yan gwanjo da teloli suka watse, wasu har yau ba su farfaɗo ba. An karɓo rancen dala miliyan 350 daga Bankin Duniya. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya faɗa da bakinsa cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Ku tuna ma'anar mai ɗorewa da muka faɗa a sama: kada a cinye rabon jikoki. Waɗanda suka karɓo wannan bashi babu kwas ɗin da ba su halarta ba, babu taron bitar da ba a yi da su ba. Ashe ba rashin sani ne ya kawo mu nan ba.

Na san abin da 'yan koren mahukunta za su ce. Za su ce jaridar 'yan hamayya tana hana yara neman ilmi, tana so su zauna cikin duhu. Ƙarya suke yi. Mu ne fa kullum muke kukan a ba ɗan talaka ilmi daidai da ɗan mai mulki. Yaron da ya koyi gyaran waya, ko haɗa wutar sola, ko lissafin kasuwa, ko rubuta manhajar kwamfuta ta intanet, ya sami abin da zai ci da shi, muna sa masa albarka. Wanda kuma ya karanta muradun nan don ya san abin da gwamnatinsa ta sa hannu a kai da sunansa, wannan ya fi kowa burge mu. Abin da muka ƙi shi ne a mai da darasi madadin aiki, a ƙidaya yawan waɗanda suka yi rajista a ce an yi maganin zaman banza. An yi Click-On Kaduna a 2018 da hannun Bankin Duniya. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin horar da mutum miliyan uku sana'o'in kwamfuta. Madalla. Muna roƙo a liƙa mana a ƙofar sakatariyar Kaduna ta Kudu a Makera da ta Chikun, unguwa unguwa, mutum nawa aka horar, mutum nawa ke cin abinci da abin da suka koya bayan shekara guda. In abin ya yi amfani, mu ne za mu fara bugawa a shafin farko. Gani ya kori ji.

In kuwa da gaske ake so talaka ya san muradun nan, hanya a buɗe take, ba ta kuma da tsada. A fassara darussan da Hausa da sauran harsunanmu, a sa su a rediyo da yamma lokacin da 'yan kasuwa suka tashi, a yi su da murya yadda za a tura ta WhatsApp ba sai an ƙona data ba. A buɗe ɗaki ɗaya a kowace babbar kasuwa mai wutar sola da intanet kyauta, daga cikin kuɗin haraji da na rumfa da ake karɓa a hannunku kullum. Darasin farko kuma ya zama yadda ake karanta kasafin kuɗin ƙaramar hukuma: nawa ya shigo, nawa aka ce an kashe a kan magudanar ruwa, ina magudanar take. Amma ina! Wannan darasi ne da ba za su so ku iya ba, domin wanda ya iya shi ba ya neman aiki wurinsu, bayani yake nema.

Saboda haka mu za mu yi da kanmu. Muna kira ga kowane reshe daga Kakuri har Gonin Gora ya nemo yaro ɗaya ko yarinya ɗaya cikin 'ya'yan membobi masu jin Turanci, a haɗa masa kuɗin data daga asusun reshe, ya bi ɗaya daga cikin darussan nan na kyauta, sa'an nan ya zo taron mako ya warware wa iyayensa da harshen da suke ji. Mutum ɗaya ya biya, mutum hamsin su ji. Daga nan kowane muradi ya zama tambaya. In kansila ya zo, a ce masa muradi na shida ya ce ruwa, ga famfon unguwarmu ya bushe, yaushe? In ɗan majalisa ya zo neman ƙuri'a, a ce masa muradi na bakwai da na tara sun ce wuta da masana'anta, me ka faɗa a zaure a kan Kudenda da Kakuri, a wace rana? In baƙi daga ƙetare suka zo da farar mota da takardar tambayoyi, a karɓe su da mutunci, a ba su ruwa, a amsa musu, sa'an nan a ce su ma su amsa: kuɗin wannan aiki nawa ne, kashi nawa ya tsaya a ofis, kashi nawa ya iso nan? Gwamnatinmu ce ta je ta sa hannu ba wanda ya tilasta ta, kuma 2030 ta ƙarato.

Ke kuma 'yar'uwa mai atamfa, ga amsarki. Kada ki ba da adashin nan. Ki ce wa yaron ya nuna miki sunan makarantar da ke ba da takardar, da inda ofishinta yake, da mutum ɗaya tak wanda kuka sani da ya sami aiki da ita. Zoben nan mai launi 17 kowa na iya kwafo shi ya manna a takarda, ba shaidar komai ba ne, kuma duk wanda ya ce a tura kuɗi cikin asusunsa na kansa don aikin Majalisar Ɗinkin Duniya ɓarawo ne, Majalisar ba ta karɓar kuɗin neman aiki. In karatun yake so da gaske, akwai na kyauta, ki saya masa data ta wata guda ya gwada, ya riƙa gaya miki abin da ya koya kowane dare. Sauran kuɗin kuwa ki mai da su cikin jari, ko ki kai shi wurin mai haɗa sola ko makaniki ya tsaya kusa da wanda ya iya, kamar yadda kakansa ya tsaya gaban inji. Mu kuma ranar taron reshen Kakuri muna jiransa, ya zo da wayar tasa a cike da caji.